Tallafin gidauniyoyi: Me ya sa kuɗin ke tsallake ƙungiyoyin Haɗeja?

Duk shekara idan Agusta ya raba, Satumba ya kama, hankalin mutanen Haɗeja da Auyo da Guri da Kirikasamma kan koma kan tambaya ɗaya: ina ruwa ya kawo yau?

A irin wannan lokaci ne ake ganin ƙarfin ƙungiyoyin gari. Matasa na ɗura yashi a buhuna suna tare bakin jinga, masu kwalekwale na kwaso waɗanda ruwa ya yanke wa hanya, 'yan kasuwa na karo-karo a sayi abinci da tabarmi a kai wa mutanen da suka fake a makarantun firamare.

Haka aka gani a ambaliyar 2020, aka sake gani a ta 2022, wadda ta yi ajalin mutum sama da 100 a Jihar Jigawa, ta kuma shanye gonakin shinkafa da gero a ƙasar Haɗeja.

Sai dai da zarar ruwa ya janye, yawancin ƙungiyoyin kan koma jiran wata daminar, asusunsu wayam. Aikin da ya kamata a yi da rani, kamar yankan kacalla, buɗe hanyoyin ruwa da ɗaga jinga, sai ya tsaya saboda babu kuɗin man fetur, balle na hayar mota.

Alhali kuwa akwai gidauniyoyi masu zaman kansu, na gida da na ƙetare, da ke raba biliyoyin naira a Najeriya kowace shekara kan lafiya, noma, ilimin 'ya'ya mata da sauyin yanayi. Duk waɗannan matsaloli ne da Haɗeja ke kwana da su, take tashi da su. To me ya sa kuɗin ke tsayawa a Abuja da Legas da Kano, kuma me ƙungiyar da ke bakin kogi za ta yi ta samu rabonta?

Rijiyar da aka saba sha ta ja baya

Tambayar ta ƙara nauyi ne tun daga 2025. A ranar 20 ga Janairun shekarar, Shugaba Donald Trump ya dakatar da tallafin da Amurka ke bai wa ƙasashen waje na kwana 90. A watan Maris, Sakataren Harkokin Waje Marco Rubio ya sanar da soke kashi 83 cikin 100 na shirye-shiryen hukumar USAID, kuma zuwa farkon Yuli aka rufe hukumar, aka mayar da ragowar aikinta ƙarƙashin ma'aikatar harkokin waje.

Najeriya na cikin waɗanda abin ya fi shafa, domin a 2023 kaɗai tallafin Amurka gare ta ya kai kusan dala biliyan 1, mafi yawansa a fannin lafiya da agajin gaggawa.

Ga Jigawa kuwa, labarin Birtaniya ya fi kusa. Shekara da shekaru, Jigawa da Kano da Kaduna ne jihohin da hukumar DFID, wadda aka haɗe da ma'aikatar harkokin wajen ƙasar a 2020, ta fi mayar da hankali a kansu. Birtaniya ta rage kuɗin tallafinta daga kashi 0.7 cikin 100 na kuɗin shigar ƙasa zuwa 0.5 a 2021, sannan a Fabrairun 2025 ta sanar da cewa za ta sake sauke shi zuwa 0.3 nan da 2027.

Ƙananan ƙungiyoyi a irin su Haɗeja ba kasafai suke karɓar kuɗi kai-tsaye daga waɗannan gwamnatoci ba. Suna samu ne ta hannun manyan ƙungiyoyin da ke ba su ɗan kwantiragin wayar da kai ko tattara bayanai a ƙauyuka. Da uwar rijiyar ta ja baya, waɗannan ƙananan ayyuka ne suka fara ƙafewa.

Abu na biyu da ya biyo baya shi ne cunkoso. Manyan ƙungiyoyin da suka rasa kuɗin gwamnatoci, masu ƙwararrun marubuta da akantoci, yanzu sun juyo ƙofar gidauniyoyi. Ƙungiyar masunta ta Guri da ƙungiyar duniya mai ofis a Maitama layi ɗaya suke bi.

Su wa ke riƙe da kuɗin?

Gidauniya mai zaman kanta dukiya ce da wani attajiri ko iyali ko kamfani ya ware, ake juya ta, ana kashe ribarta kan ayyukan alheri. Ta yi kama da waƙafi. Bambancinta da tallafin gwamnati shi ne ba ta jiran majalisa ko zaɓe, kwamitin amintattunta ne ke yanke hukunci.

Mafi girma a cikin masu aiki a Arewa ita ce Gidauniyar Gates, mai ofis a Abuja. A watan Mayun 2025 Bill Gates ya sanar da cewa za ta kashe kusan dala biliyan 200 cikin shekara 20, ta rufe a 2045, daga baya kuma ya ce mafi yawan kuɗin Afirka za su zo. Amma tsarinta shi ne ta zaɓi abokan aiki da kanta, kuma galibi gwamnatoci ne da jami'o'i da manyan cibiyoyi. Misali, ita da Gidauniyar Aliko Dangote sun ƙulla yarjejeniyar rigakafin yara da gwamnatocin Kano da Bauchi da Yobe da wasu jihohin Arewa.

Gidauniyar Ford tana da ofis a Legas tun 1960, ta MacArthur kuma tana da nata a Najeriya tun 1994. MacArthur ta daɗe tana tallafa wa Jami'ar Bayero da Jami'ar Ahmadu Bello, kuma da agajinta aka kafa Cibiyar Nazarin Noma a Busassun Yankuna ta Jami'ar Bayero. Bayan rugujewar tallafin Amurka, ta sanar da ƙara abin da take kashewa zuwa aƙalla kashi 6 cikin 100 na dukiyarta a 2025 da 2026.

A gida, Gidauniyar Aliko Dangote, wadda aka kafa a 1994, aka kuma zuba mata dala biliyan 1.25 a 2014, ta fi gudanar da ayyukanta da kanta, kamar rabon shinkafa da ta yi a ƙananan hukumomi 774 a 2024. Shirin ASR Africa na Abdul Samad Rabi'u, da ya fara a 2021, ya fi bai wa jami'o'i da gwamnatocin jihohi da hukumomin tsaro.

Waɗanda ƙofarsu ta fi kusa da ƙaramar ƙungiya su ne masu fitar da sanarwar neman takardu a bainar jama'a. Gidauniyar TY Danjuma da ke Abuja tana ba ƙungiyoyi masu rajista tallafi kan lafiya da ilimi. Gidauniyar ACT da ke Legas tana bayarwa kan lafiya, muhalli, sana'a da shugabanci. A ƙetare akwai Asusun Raya Matan Afirka na AWDF da ke Accra, wanda ƙungiyoyin da mata ke jagoranta kaɗai yake bai wa.

Gidauniyar Tony Elumelu, da matasa suka fi sani, tana ba da jarin dala 5,000 ne ga mai sana'a ko mai shirin kafa kasuwanci. Ƙungiyar agaji ba ta cikin lissafinta.

Wannan bambanci shi ne darasi na farko. Ƙungiyoyi da dama na ɓata watanni suna aika wasiƙa iri ɗaya ga kowa, har da gidauniyoyin da suka rubuta ƙarara a shafinsu cewa ba sa karɓar takardar da ba su nema ba.

Abin da tarihin fadama ya koyar

Haɗeja ba baƙuwar kuɗin waje ba ce. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ga kuma farin shekarun 1970 da 1980, ambaliyar da ke shayar da fadamar Haɗeja zuwa Nguru ta ragu ƙwarai. A 1987 aka kafa shirin kiyaye fadamar, da haɗin gwiwar ƙungiyar kare tsuntsaye ta Birtaniya, RSPB, da ƙungiyar IUCN da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya, NCF.

Abin da ya fara jawo su shi ne tsuntsayen da ke tasowa daga Turai suna cin hunturu a fadamar. Har Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci Dagona a 1989 a matsayinsa na shugaban ƙungiyar WWF.

Amma abin da ya ɗaga maganar zuwa teburin manya shi ne lissafi. A farkon shekarun 1990, masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa sun auna amfanin da ake samu a fadamar ta hanyar noma da su da itacen girki, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo riba nesa ba kusa ba a kan irinsa da aka karkatar zuwa noman rani na Kadawa. Har yau ana kafa hujja da wannan bincike a duniya.

Bayan an gama madatsar Challawa a 1992, sai matsalar ta sauya kama. Ruwan da ake saki duk shekara ya hana kogi bushewa da rani, kacalla ta samu wurin zama, ta toshe hanyoyin ruwa kamar Burum Gana, ta zama maɓoyar tsuntsaye jan-baki masu cinye hatsi. Wasu garuruwan ruwa ya yi musu yawa, wasu kuma ya daina isa gare su.

A farkon shekarun 2000, wani shirin DFID ya taimaka wa al'ummomin yankin suka haɗa kai suna yashe hanyoyin ruwa da aikin gayya. A 2006 kuma jihohi shida, wato Jigawa da Kano da Bauchi da Yobe da Borno da Filato, suka amince da kafa asusun kula da kogin mai hedikwata a Damaturu. An sanya tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayin duniya na Ramsar a 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008.

Abubuwa biyu ne suka fito fili a wannan tarihi. Na ɗaya, kuɗi sun zo ne a lokacin da aka fassara kukan jama'a zuwa hujjar da za a iya aunawa. Na biyu, manyan ƙungiyoyin waje da hukumomin gwamnati ne suka riƙe kuɗin, mutanen gari suka ba da ƙarfi da lokaci. Da wa'adin shiri ya cika, motoci da ma'aikata suka tafi, kacalla ta dawo.

Takardu kafin tausayi

Ba Haɗeja kaɗai ke wannan kuka ba. Wani rahoto da cibiyar Candid da Majalisar Gidauniyoyin Amurka suka fitar a 2022 ya nuna cewa tsakanin 2016 da 2019, kusan kashi 13 cikin 100 ne kacal na tallafin da gidauniyoyin Amurka suka bayar don ƙasashen waje ya shiga kai-tsaye hannun ƙungiyoyin ƙasashen da ake aikin.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin doka. Dokar harajin Amurka ta tilasta wa kowace gidauniya mai zaman kanta kashe kusan kashi 5 cikin 100 na dukiyarta duk shekara. Amma idan za ta bai wa ƙungiyar wata ƙasa, dole ta bi ɗaya daga hanyoyi biyu: ko ta tabbatar a rubuce cewa ƙungiyar daidai take da ƙungiyar agaji a dokar Amurka, ko ta ɗauki alhakin bin sawun kowace dala har ta ga inda ta shiga. In ta yi sakaci, tara ce a kanta.

Saboda haka jami'in da ke duba takardarka, kafin ya ji tausayin ƙauyen da ruwa ya ci, tambayarsa ita ce: in na tura kuɗin nan, zan iya kare kaina a gaban masu bincike?

Ga abin da kusan kowace gidauniya ke nema kafin ta karanta shafi na biyu:

Rajista da Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Ƙasa, CAC, a matsayin ƙungiya mai amintattu, ƙarƙashin Sashe na F na dokar CAMA ta 2020. Ana buga sunan ƙungiya da na amintattunta a jaridu, a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi. Takardar rajistar ƙaramar hukuma ko ta ma'aikatar jiha tana da amfani a gida, amma ba ta maye gurbin ta CAC.

Rahoton shekara-shekara ga CAC. Ƙungiyoyi da yawa sun yi rajista sun ajiye satifiket a akwati, ba su san cewa rashin kai rahoton nan na sa a nuna su a matsayin marasa aiki a shafin hukumar ba. Mai ba da tallafi na iya ganin haka cikin minti ɗaya daga wayarsa.

Takardar sashen yaƙi da halatta kuɗin haram na SCUML da ke ƙarƙashin EFCC, wadda bankuna kan nema, da lambar haraji ta TIN.

Asusun banki da sunan ƙungiya, mai sa hannun mutum biyu ko fiye. Babu gidauniyar kirki da za ta tura kuɗi asusun shugaba, komai amanarsa a gari.

Rahoton kuɗi da akanta mai lasisi ya tantance, galibi na shekara biyu ko uku. A nan ne yawancin ƙungiyoyi ke faɗuwa. Ƙungiyar da ta tara kuɗi masu yawa lokacin ambaliya, ta raba su hannu da hannu ba rasit, a idon gidauniya ba ta taɓa riƙe ko kwabo ba.

Sai kuma rubutattun ƙa'idoji: yadda ake sayen kaya, yadda ake kare yara da mata daga cin zarafi, da abin da za a yi idan ɗan kwamiti ne ke son sayar wa ƙungiya kaya. Kwamitin amintattun da ya ƙunshi mutum da ƙaninsa da matarsa kan sa a rufe fayil tun ba a je ko'ina ba.

Bin sawun kuɗi

Gano gidauniyar da ta dace aiki ne irin na mafarauci, sawu ake bi. Abin da gidauniya ta ce tana so a shafinta jagora ne, amma abin da ta riga ta bayar shi ne shaida.

Ford da MacArthur da Gates duk suna wallafa jerin waɗanda suka bai wa tallafi, da adadin kuɗi da dalili. Kowace gidauniyar Amurka tana cike takardar haraji mai suna 990-PF, kuma kowa na iya karanta ta kyauta a intanet. Na Birtaniya da yawa suna saka nasu a rumbun 360Giving.

Mai nema ya rubuta Jigawa ko Yobe ko Arewacin Najeriya, ya ga wa aka bai wa, nawa, don me. Idan mafi ƙanƙantar tallafin gidauniya dala dubu ɗari biyu ne, ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe naira miliyan biyar ba ta san ba nan ne ƙofarta ba tukuna.

Amma jerin yana da wani amfanin. Sunayen da ke cikinsa, na ƙungiyoyin Kano da Dutse da Abuja, su ne masu neman abokan aiki a ƙasa, domin da ɗan gari akan ci gari. Shiga a matsayin ƙaramin abokin aiki, da yarjejeniya a rubuce da kasafi na kanka, shi ne matakin da yawancin ƙungiyoyin da suka girma suka fara takawa. Haka ƙungiyar Sasakawa, wadda Gidauniyar Nippon ta Japan ke ɗaukar nauyinta, take aiki a Arewa tun 1992, ta hannun hukumomin raya noma na jihohi da ƙungiyoyin manoma.

Abin lura shi ne a nemi a rubuta sunan ƙungiya a yarjejeniya da rahoto. Aikin da aka yi da sunan wani ba ya shiga tarihinka.

Abin da ake rubutawa

Kuskuren da ya fi yawa a takardun neman tallafi shi ne faɗi. Ƙungiya ɗaya ta ce tana aikin lafiya da ilimi da noma da zaman lafiya da marayu a ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja. Mai karatu zai gane cewa babu wanda ta ƙware a kai.

A kwatanta takardu biyu. Ta farko ta ce ambaliya ta addabi al'umma, talauci ya yi yawa, ana neman agaji. Ta biyu ta ambaci hanyar ruwa guda da sunanta, ta ce kacalla ta toshe kilomita kaza, gonaki kaza na ƙauyuka kaza sun daina nomuwa, bara mun yashe kaza da aikin gayya ga hotuna da sa hannun dagatai, muna neman kuɗin kayan aiki da na kwalekwale don kammala saura, kuma ga yadda masu amfana za su riƙa karo-karon gyara duk shekara. Ta biyun ce za a kira.

A nan Haɗeja na da abin da wasu ba su da shi. Sunan fadamarta sananne ne ga masu harkar muhalli a duniya. Kasuwar kifinta na cikin manya a Arewa. Ciwon ƙoda da ya addabi yankin, daga Haɗeja har Gashuwa, abu ne da likitoci da gwamnatocin Jigawa da Yobe suka daɗe suna neman sanin musabbabinsa. Rikicin manoma da makiyaya a Guri da Kirikasamma yana da alaƙa ta kai-tsaye da ruwa da burtali.

Ga kuma Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman a cikin Haɗeja. Malami ɗaya da ɗalibansa za su iya taimaka wa ƙungiya ta auna abin da take gani da ido, su mayar da shi alƙaluma. Ƙungiya ta samu hujja, malami ya samu abin bincike.

Dole kuma takarda ta amsa tambayar da kowace gidauniya ke yi: in kuɗinmu ya ƙare, me zai rage? Tarihin shirye-shiryen fadama ya isa ya sa a ɗauki tambayar nan da gaske.

Kasafi da faɗuwar naira

Kasafi shi ne inda ake gane mai gaskiya da wanda ya san aiki. Wasu kan cusa kuɗi fiye da kima da tunanin za a rage. Wasu kuma, don su burge, sai su ce duk kuɗin kan jama'a za su tafi, babu albashi, babu haya. Duka biyun na jawo shakku, domin kowa ya san akanta ba ya aiki da iska.

Manyan gidauniyoyi sun yarda da kuɗin tafiyar da ofis. MacArthur da Ford duk suna ba da wani kaso a kan kuɗin aiki saboda haka. Wanda bai nema ba shi ya cuci kansa.

Sai batun canji. Kafin Yunin 2023 dala na kusan naira 460 a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Ƙungiyar da ta sa hannu kan kasafin naira na shekara biyu kafin wannan sauyi ta ga yadda kuɗin siminti da mai suka cinye aikin tun ba a kai rabi ba. Yana da kyau a tattauna tun farko kan kuɗin da za a rubuta yarjejeniya da shi, da abin da za a yi in farashi ya tashi.

Haka nan lokaci. Daga miƙa takarda zuwa shigowar kuɗi kan ɗauki watanni. Mai son yashe kogi a watan Maris, tun daminar da ta gabata ya kamata ya fara nema. Wanda ya jira sai ruwa ya shigo gari ya makara.

Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya

Akwai kuɗin da ya fi kusa da na Seattle ko Chicago. Masarautar Haɗeja na da tsarin tattara zakka da rabonta. Akwai 'yan asalin yankin a Kano da Abuja da Legas da ƙasashen waje, akwai dillalan kifi da shinkafa da riɗi. Waɗannan mutane suna bayarwa, kuma suna bayarwa da yawa, sai dai ba a rubutawa.

Ƙungiyar da ta shigar da kowace gudummawa asusun banki, ta ba da rasit, ta karanta lissafi a gaban mambobi duk ƙarshen shekara, ta kai wa akanta ya duba, cikin shekara biyu ta mallaki abin da gidauniya ke nema. Har aikin gayya ana iya ƙiyasta shi da kuɗin lebura a rubuta shi a matsayin gudummawar al'umma.

Wannan kuɗi na gida yana kuma ba da 'yanci. Ƙungiyar da ta dogara kacokan kan mai ba da tallafi ɗaya takan wayi gari tana bin abin da yake so, ta bar abin da aka kafa ta dominsa. Kuma akwai tallafin da ya zo da sharuɗɗan da ba su dace da al'adar wuri ko addininsa ba. Mai ɗan abin hannunsa ne ke iya karanta sharaɗi ya ce a'a.

A yi hattara da 'yan damfara

Ƙaruwar masu nema ta buɗe kasuwar 'yan damfara. Saƙonni na yawo a WhatsApp da Facebook da sunan manyan gidauniyoyi, ana neman kuɗin fom ko lambar BVN ko lambar sirrin katin banki. Gidauniyar gaskiya ba ta sayar da fom, ba ta kuma neman a biya kafin a saki kuɗi. A duba sanarwa a ainihin shafin gidauniyar kafin a danna komai.

Akwai kuma masu cewa za su rubuta takarda su samo tallafi a raba da su kashi kaza. Gidauniyoyi ba sa amincewa a biya irin wannan la'ada daga kuɗin aiki, kuma ƙungiyar da ta ɓoye ta a cikin kasafi ta fara dangantakar da ƙarya. Duniyar masu ba da tallafi ƙarama ce, suna tambayar juna. Suna ɗaya da ya ɓaci kan shafi gari guda.

Iyakar abin da gidauniya za ta iya

Ko duk gidauniyoyin sun haɗu, ba za su cike giɓin da gwamnatocin Amurka da Birtaniya suka bari ba, kuma Bill Gates da kansa ya faɗi haka. Ba kuma gidauniya ce za ta tsara yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Challawa ba. Wannan aikin Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are ne. Yashe babban kogi da injina, gina jinga mai ɗorewa da kula da masu wankin ƙoda nauyi ne na gwamnatin tarayya da ta Gwamna Umar Namadi, wanda shi ma ɗan masarautar ne daga Kafin Hausa.

Inda kuɗin gidauniya ke da tasiri shi ne a tsakani: gwada wata dabara a ƙauyuka kaɗan, tattara hujjar da za a kai gaban hukuma, horar da matasan da za su riƙa auna ruwa suna gargaɗi da wuri, da bin diddigin kuɗin da gwamnati ta ware.

Gwamnatin jiha da masarauta da manyan makarantun yankin za su iya rage wa ƙananan ƙungiyoyi wahala da abu mai sauƙi, kamar akanta guda da zai riƙa duba littattafan ƙungiyoyi da yawa, ko ƙungiya babba mai cikakkun takardu da za ta riƙe kuɗi a madadin ƙanana har su tsaya da ƙafarsu.

Amma matakin farko na hannun ƙungiyoyin ne, kuma da rani ake ɗaukarsa: a duba matsayin rajista a shafin CAC, a buɗe asusu, a sayi littafin rasit, a zaɓi matsala ɗaya a fara auna ta. Matasan da ke ɗura yashi a buhu cikin dare sun riga sun nuna za su iya aikin. Abin da ya rage shi ne a rubuta buhu nawa aka ɗura, wa ya saya, nawa aka kashe, kafin wata daminar ta zagayo.